Yadda Ake Gyara Kwamfutar Da Manhajar Share-Share Ta Lalata Wa Fayilolin DLL

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan bayanin na masu amfani da Windows ne, musamman ɗalibai da masu shagon taifin da buga takardu a nan Jos, waɗanda suka saka irin manhajojin nan da ake ce ma kilina ko busta ko optimaiza, suka danna babban maɓallin nan mai alƙawarin gyara komai a take, gari na wayewa sai CorelDRAW ya ƙi buɗewa, ko Photoshop, ko manhajar firinta, wani ɗan akwati ya fito tsakiyar sikirin yana cewa ba a samu MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll ba. Gyaran kwamfuta sana'ata ce, kuma irin wannan na yawan zuwa hannuna daga ɓangaren Bauchi Road da Naraguta, galibi lokacin da 'yan Unijos ke tsakiyar rubuta furojet. Abin da ke damuna shi ne kafin mutum ya iso an riga an tsorata shi an ce sai fomat, alhali yawancinsu ba sa buƙatar fomat ko kaɗan, abin da aka goge ne kawai za a dawo da shi daga inda ya fito tun asali. Toh bari mu bi shi daki-daki.

Kayan da za ka tanada

Caja da wuta mai tabbas. Wannan shi ne kan gaba, don akwai matakan da in wuta ta ɗauke a tsakiyarsu ɓarnar sai ta fi ta farko. In batirin laftof ɗinka ya mutu, ko destof ce babu UPS, dan Allah ka kai ta inda ake da jen ko inbata, ko ka haƙura ka jira.

Filashi ko had disk na waje wanda zai ɗauke fayilolinka. Ka kula da filashin jabu, akwai su a kasuwa ta wajen Taminus kamar ko'ina, a jiki an rubuta 64GB amma cikinsa bai kai ko kusa ba, zai nuna maka ya kwafa komai sai ranar buƙata ka tarar fayil ba ya buɗewa.

Filashi na biyu mai aƙalla 8GB, na ɗora Windows, wanda ba ka damu a goge abin da ke ciki ba. Wataƙila ma ba za a kai gare shi ba.

Data. Ƙananan fayilolin Microsoft da za mu sauke ba su da nauyi, amma in abu ya kai ga sauke Windows gaba ɗaya toh ka shirya wa wajen 5GB ko sama da haka.

Kalmar sirrin asusun administrator na kwamfutar, da wayarka don ɗaukar hoto. Sannan in kwamfutar na da BitLocker, tsarin da ke kulle had disk, wanda sababbin laftof masu Windows 11 da yawa ke zuwa da shi a kunne mai ita bai ma sani ba, ka shiga account.microsoft.com/devices/recoverykey ta waya ka rubuta lambobin buɗe shi guda 48 a takarda tun yanzu.

Ɗan bayani kafin ka taɓa komai

Fayil ɗin DLL yawanci ba na manhaja ɗaya ba ne. Wani yankin aiki ne da manhajoji da yawa ke kira in sun buƙata, maimakon kowacce ta zo da nata. Ka ɗauka rijiya ce a tsakar gidan haya, ba ta cikin ɗakin kowa amma kowa da ita yake wanka da girki, sai baƙon mai shara ya ƙwanƙwasa ɗaki ɗaya ya ce taka ce, aka ce masa a'a, ya kama ya cike ta.

Manhajojin share-share ta hanyoyi kaɗan suke wannan ɓarnar. A rajistirin Windows, wato kundin da take ajiye saitinta, akwai wani wuri mai suna SharedDLLs inda ake rubuta manhajoji nawa ke amfani da fayil kaza, kowace ka saka sai lissafin ya ƙaru, kowace ka cire ya ragu, in ya kai sifili sai a goge fayil ɗin. In kilina ta taɓa wannan lissafin, ranar ba za ka ga komai ba, sai bayan sati biyu ka cire wata manhaja daban ta tafi da fayil ɗin da wasu ke buƙata, shi ya sa mutane da yawa ke rantsuwa cewa ba kilinar ba ce. Akwai kuma mai neman fayiloli masu kama da juna, ta ga suna iri ɗaya a folda biyu ta ce maimaici ne, alhali ɗaya na 32-bit ne ɗaya na 64-bit, ko shekarunsu daban. Sai masu shiga C:\Windows\Installer da WinSxS da C:\ProgramData\Package Cache suna cewa tarkace ne, kuma nan ne Windows ke ajiye kwafin da take gyara kanta da shi. Ita kanta Microsoft ta rubuta a fili cewa ba ta goyon bayan amfani da manhajojin share rajistiri, kuma ɓarnarsu na iya kai mutum ga sake saka Windows.

Mataki na 1: Tsaya cak, ka ɗauki hoton saƙon

Kar ka sake danna komai a cikin kilinar, ko da ta ce ta gano matsala dubu za ta gyara. Shiga saitinta ka kashe duk wani shara da take yi da kanta a kan lokaci. Amma kar ka cire ta tukuna, wannan kuskure ne da kusan kowa ke yi cikin fushi, saboda wasunsu a cikinsu suke ajiye abin da suka goge, in ka cire ta ka cire har da hanyar dawowa.

Buɗe manhajar da ta ƙi aiki, saƙon na fitowa ka ɗauke shi hoto da waya yadda sunan fayil ɗin zai fito tsaf. Harafi ɗaya ko lamba ɗaya na canza magani. MSVCR100 daban, MSVCR120 daban, MSVCP140 daban. Gwada sauran manhajojinka ma ɗaya bayan ɗaya ka ga su waye abin ya shafa.

Mataki na 2: Kwashe kayanka

Desktop, Documents, Pictures, Downloads, da duk inda ka san kana jefa aiki. Masu shago kar ku manta da fayilolin kwastoma da font ɗin da kuka tara. In ka gama kwafa ka cire filashin ka mayar, ka buɗe fayil uku ko huɗu daga cikinsa ka tabbatar suna buɗewa. Matakan gaba ba sa taɓa fayilolin mutum a ƙa'ida, amma ni ban taɓa fara aiki a kwamfutar wani ba tare da wannan ba, kuma ba zan ba ka shawarar ka tsallake ba.

Mataki na 3: Duba ko abin na nan kusa

Leƙa Recycle Bin tukuna, in ka ga fayil ɗin sai ka danna masa ɓangaren dama na maus ka zaɓi Restore. Sannan shiga cikin kilinar ka nemi wurin da aka rubuta Undo ko Rescue ko Backup ko Restore, kowacce da sunan da take kiransa. Masu amfani da CCleaner, in lokacin da ta tambaye ka ko a ajiye kwafin rajistiri ka ce eh, za ka samu wani fayil mai ƙarewa da .reg yawanci a Documents, sunansa na farawa da cc_ sai kwanan wata, ka danna shi sau biyu ka amince, ka sake kunna kwamfutar.

Wani lokacin kuma ba kilinar ba ce, maganin bairos ne ya kama fayil ɗin. Shiga Windows Security, sai Virus & threat protection, sai Protection history. In ka ga DLL ɗin a can ka yi tunani kafin ka sake shi. In daga manhajar da aka fasa ya fito, irin wadda ake tura wa juna a filashi, toh akwai yiwuwar da gaskiyar mai kamun.

Mataki na 4: Mayar da Windows baya

Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta rstrui ka danna Enter. In an yi sa'a za ka ga jerin ranaku. Zaɓi ranar da ta gabaci sharar, ba ranar da matsalar ta bayyana ba, ka tuna maganar lissafin nan da na yi a sama. In ranakun sun yi kaɗan duba ko akwai ɗan akwatin Show more restore points. Akwai kuma maɓallin Scan for affected programs, danna shi zai nuna maka manhajojin da za su tafi saboda bayan ranar aka saka su. Takardunka da hotunanka ba ruwansa da su.

In ya fara kar ka taɓa ta. Zai iya ɗaukar minti ashirin, zai iya wuce awa a kwamfuta mai tsohon had disk, sikirin zai tsaya kamar ba abin da ke motsi, ka bar ta kawai.

In kuwa ya ce babu ranar komawa, kar hankalinka ya tashi. A Windows 10 sau da yawa wannan tsarin a kashe yake zuwa, wasu kilinonin kuma har waɗannan ranakun suke gogewa da sunan samar da sarari. Wuce gaba.

Mataki na 5: Gano dangin fayil ɗin ka saka shi daga tushe

Nan ne yawancin aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure, toh ka natsu. Kowane DLL akwai kunshin da ya zo da shi, kunshin ake sakawa gaba ɗaya. Ɗauko hoton nan ka duba:

MSVCP140.dll, VCRUNTIME140.dll da VCRUNTIME140_1.dll na Microsoft Visual C++ Redistributable ne na 2015 zuwa 2022, wanda a haɗe suke kunshi ɗaya.
MSVCR120.dll da MSVCP120.dll na 2013.
MSVCR110.dll da MSVCP110.dll na 2012.
MSVCR100.dll da MSVCP100.dll na 2010.
d3dx9_43.dll da xinput1_3.dll, wanda 'yan gem suka fi gamuwa da su, na DirectX End-User Runtime ne na watan Yuni 2010.
api-ms-win-crt-runtime-l1-1-0.dll a tsohuwar Windows 7 ko 8.1 yana nufin babu sabuntawar KB2999226, kuma a Windows 7 sai akwai Service Pack 1 za ta shiga.

Kafin ka ƙona data, danna Windows da R ka rubuta appwiz.cpl. A jerin manhajojin gangara wajen Microsoft Visual C++, nemi na shekarar da kake buƙata, danna Change sannan Repair. Na 2012 zuwa sama suna da wannan. Sau da yawa nan take magana ta ƙare. In ya ce bai ga fayil ɗin da zai yi gyaran da shi ba, toh kaga alamar an share Package Cache kenan, sai saukewa.

Ka sauke daga shafin Microsoft kaɗai, ka kalli adireshin da kyau ka ga microsoft.com ne. Na 2015 zuwa 2022 sunayensu vc_redist.x64.exe da vc_redist.x86.exe. Ka saka duka biyun in Windows ɗinka 64-bit ce, eh duka biyun, domin ba Windows ɗin ake dubawa ba, manhajar da ke neman fayil ɗin ake dubawa, kuma manhajoji masu yawa har yau 32-bit ne ko a sabuwar kwamfuta. Mutum zai saka x64 kaɗai saƙon ya ƙi tafiya ya ce maganin bai yi ba, alhali rabinsa ya sha. In kana da winget, manhajar Microsoft mai saka manhajoji ta hanyar rubuta umarni, wannan layin a Command Prompt (danna Windows da R ka rubuta cmd) ma ya isa, sai ka maimaita da x86 a ƙarshe:

winget install Microsoft.VCRedist.2015+.x64

In kwamfutar ba ta hawa intanet, sauke a waya ka tura ta kebul. Masu shago ku buɗe folda ɗaya a filashi ku tara na duk shekarun nan, zai yi muku rana.

A jerin nan na appwiz.cpl za ka ga Visual C++ sun jeru da yawa, 2008, 2010, 2012, 2013, kowanne sau biyu. Kar ka cire ko ɗaya. Na sabuwar shekara ba ya maye gurbin na tsohuwa, manhajar da aka gina da na 2010 shi za ta nema har abada. Wasu optimaiza suna nuna su a matsayin tsofaffin kaya, ka ƙyale su yadda suke.

Yanzu babban gargaɗin. In ka rubuta sunan DLL ɗin a Google shafuka za su fito birjik suna cewa sauke fayil ɗin ka jefa a System32. Wallahi kar ka yi. Ba ka san wanda ya ɗora shi ba, ba ka san an cusa masa wani abu ba, kuma DLL umarni ne da kwamfuta ke zartarwa da duk ikon manhajar da ta kira shi. A watan Satumba 2017 an gano cewa masu kutse sun cusa mugun abu a cikin CCleaner 5.33 tun daga wajen kamfanin, mutum sama da miliyan 2 suka sauke ta da sa hannun kamfani da komai, toh ina ga shafin da ba a san mai shi ba. Ko fayil ɗin lafiyarsa ƙalau ma, ga wani tarko, a Windows 64-bit fayilolin 64-bit ne ke zama a System32, na 32-bit kuma a SysWOW64 suke, wato akasin abin da sunan zai sa ka zata. Mutum ya jefa ba daidai ba sai saƙon farko ya ɓace wani ya fito mai lamba 0xc000007b, wanda ya fi wuyar bibiya. In ka riga ka yi hakan, je ka goge ainihin fayil ɗin da ka jefa da hannunka, shi kaɗai, sannan ka saka kunshin Microsoft ko ka yi masa Repair. Haka kwafowa daga kwamfutar aboki, duk jirgi ɗaya ne. Umarnin regsvr32 da ake yawan turawa a guruf shi ma ba ya yi wa waɗannan fayilolin komai.

In sunan fayil ɗin bai cikin jerin sama, kuma manhaja ɗaya ce tak ke kuka, toh wataƙila nata ne na kanta. Yi mata Repair a appwiz.cpl, in babu ka cire ta ka sake sakawa, amma ka tabbatar lasisinta na hannunka kafin ka cire. Microsoft Office na da Quick Repair wanda ba ya cin data, shi za ka fara gwadawa kafin Online Repair. In firinta ce, sauke direbanta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Mataki na 6: Sa Windows ta gyara nata fayilolin

In Start ya daina buɗewa, ko Settings na rufe kansa, ko saƙon na fitowa tun kwamfuta na tashi, toh ɓarnar ta shiga cikin Windows kanta. Rubuta cmd a wurin bincike, danna masa dama ka zaɓi Run as administrator. In Start ɗin ya ƙi, danna Ctrl da Shift da Esc, a Task Manager ka nemi Run new task, rubuta cmd ka sa alama a akwatin da ke ba shi ikon administrator. Haɗa intanet sannan ka rubuta:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Wannan rumbun ajiyar Windows yake gyarawa, yana ɗauko abin da ya lalace daga Windows Update. Za ka ga lissafi na tafiya, sai ya zo 62.3% ya tsaya kamar ya mutu, fankar laftof na ta huci lambar ba ta motsi. Haka yake yi, kar ka rufe. Je ka yi sallah ka sha shayi ka dawo. Bayan ya gama sai:

sfc /scannow

Shi kuma wannan yana bin fayilolin Windows ɗaya bayan ɗaya yana musanya lalatattu da masu kyau daga rumbun nan, shi ya sa DISM ke fara zuwa, in rumbun a lalace yake sfc ba shi da inda zai ɗebo. A ƙarshe zai gaya maka ɗaya cikin uku, ko bai ga matsala ba, ko ya gani ya gyara, ko ya gani amma ya kasa gyara wasu. In na ukun ne sake kunna kwamfutar ka maimaita duka biyun. Ka kuma sani sfc ba ya dawo da fayilolin Visual C++ na mataki na 5, don haka in ya ce komai lafiya amma CorelDRAW bai buɗe ba, ba ƙarya ya yi ba, ba hurumin sa ba ne.

In DISM ya kawo lamba 0x800f081f, ko ba ka da intanet mai ƙarfi, sai ka nuna masa Windows da ke filashi ko fayil ɗin ISO, wato kwafin saka Windows gaba ɗaya a fayil guda. A ce harafin filashin E ne, duba cikin folda sources ko install.wim ne ko install.esd, sannan ka rubuta:

DISM /Get-WimInfo /WimFile:E:\sources\install.esd

Zai jero Home da Pro da sauransu kowanne da lambarsa, ɗauki lambar irin taka ka sa a madadin 1 ɗin nan:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth /Source:ESD:E:\sources\install.esd:1 /LimitAccess

In install.wim ne sai ka canza ESD zuwa WIM da sunan fayil ɗin. Masu Windows 7, RestoreHealth ba ya aiki a wajenku, sfc kawai za ku yi. Kuma gaskiya tun 14 ga Janairu 2020 Microsoft ta daina kula da ita, ya kamata a fara shirin barinta.

Mataki na 7: In ta ƙi tashi gaba ɗaya

Kunna ta, da ka ga tambarin Windows ka danne maɓallin wuta har ta mutu, ka maimaita sau biyu zuwa uku, za ta shiga wajen gyaran kanta. Zaɓi Advanced options, sai Troubleshoot, sai Advanced options kuma. Nan ne za a iya tambayarka lambobin BitLocker. Fara da System Restore, sannan Startup Repair. In ba su yi ba buɗe Command Prompt.

Ga wata dabara in ba ka samu kwashe kayanka ba. Sa filashi, rubuta notepad ka danna Enter, shiga File sai Open, canza nau'in fayil zuwa All Files, za ka ga duk foldojinka, ka riƙa danna musu dama kana Copy kana Paste a filashin. Ba ya nuna sandar kwafi, maus ɗin kawai za ka ga yana juyawa, ka ba shi lokaci. A nan ne kuma za ka ga harafin da Windows ɗinka ta koma, don a wannan wurin ba lallai C ba ce, tana iya zama D. In D ce:

sfc /scannow /offbootdir=D:\ /offwindir=D:\Windows

Mataki na 8: Ɗora Windows a kan Windows ba tare da fomat ba

Wannan shi ne na ƙarshe kafin fomat, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. Sharaɗinsa kwamfutar na iya tashi ta kai ka Desktop. Samo ISO daga shafin Microsoft, ko filashin da aka haɗa da Media Creation Tool, manhajar Microsoft mai ɗora Windows a filashi, amma kar ka tashi kwamfutar daga filashin. Kana cikin Windows ka buɗe shi ka danna setup.exe, in an zo tambaya ka zaɓi Keep personal files and apps. Zai sabunta duk fayilolin Windows ya bar maka manhajojinka da kayanka. In wannan zaɓin ya ƙi dannuwa, toh harshe ko nau'in Windows ɗin bai zo ɗaya da taka ba, an fi samun haka tsakanin Turancin Amurka da na Ingila, musamman a laftof na hannu da aka shigo da su. Tsaya ka nemo wanda ya dace, kar ka ci gaba. Ka guji kuma Windows ɗin nan da ake cewa Lite ko wadda aka rage wa nauyi, waɗanda suka haɗa ta sun riga sun cire mata abubuwa, ita ma irin wannan ciwon take kawowa. Windows 10 dai tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, in kwamfutarka na ɗaukar 11 wannan dama ce ta hawa.

In an gyara bayan kwana biyu wani fayil ɗin ya sake lalacewa, ka zargi had disk ɗin. Rubuta chkdsk C: /f a Command Prompt na administrator, amsa da Y ka sake kunnawa, sannan ka duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo. In ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, kwashe kayanka ka nemi wani tun bai kwanta ba.

Mataki na 9: Cire kilinar, sannan a magance nauyin da ya sa ka saka ta

Yanzu da komai ya dawo sai ka cire ta ta appwiz.cpl ko Settings. In ta zo da 'yan rakiya, irin mai sabunta direba ko wani abu a burauza, su ma su bi ta. Daga nan danna Windows da R ka rubuta sysdm.cpl, shiga System Protection, zaɓi C ka danna Configure ka kunna, ka ba shi kamar kashi 5 cikin 100 na sarari, ka danna Create ka ajiye rana ta yau.

Na san ba don wasa ka saka ta ba, kwamfutar ce ta yi nauyi ko ta cika. Shara mai aminci na cikin Windows ɗin. Rubuta cleanmgr, danna Clean up system files, zaɓi Temporary files da Windows Update Cleanup da Recycle Bin, amma in ka ga Downloads a jerin ka cire masa alama. Ko ka kunna Storage Sense a Settings. Folda WinSxS da ke ba mutane tsoro da girmanta, ba ta kai yadda take nunawa ba, da yawa daga fayilolinta su ne dai na System32 da sauran foldojin Windows ake ƙirgawa sau biyu. In kana son rage ta, ga hanya mai aminci:

DISM /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup

Maganar gudu kuwa, goge layuka ɗari biyu a rajistiri ba ya ƙara komai da za ka ji a hannunka. Buɗe Task Manager ka shiga Startup ka kashe manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta ba gaira ba dalili, ka bar maganin bairos da na sauti da na tocpad. Sai zafi. Sanyin Jos na sa mutane su hau gado su ɗora laftof a kan bargo, ramukan iskar da ke ƙasa su toshe, ga ƙurar hunturu, in na buɗe wasu sai in tarar ƙura da zaren bargo sun dunƙule sun yi kauri a bakin fanka har sai an sa tsinke an ɗago su, kuma injin in ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone. Ɗora ta a kan tebur ko faranti, a buɗe a share fankar lokaci-lokaci.

In har yanzu tsohon had disk mai juyawa ne a ciki, canza shi zuwa SSD shi ne abin da zai fi ba ka mamaki, ko 256GB ya isa aikin makaranta, tsohon kuma a sa shi a kes ya zama na ajiya. RAM ɗin 4GB ya yi wa Windows 10 da burauza mai shafuka da yawa kaɗan, in akwai gurbi a kai shi 8GB. Kafin ka tafi kasuwa shiga Task Manager, Performance, Memory, ka ga gurbi nawa ke akwai, ka kuma rubuta lambar samfurin laftof ɗin a takarda ko ka tafi da ita a gwada a gabanka, don nau'o'in RAM na DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna.